Attaruguna da Sanyin Janairu

Ni fa kafin shekarata ta ƙarshe a jami'a ban yarda ana sanyi a Dubai ba. Na AC kawai na sani. Sai da aka tura ni furojet wata gona can cikin sahara, bas biyu daga unguwarmu Hor Al Anz da 'yar tafiyar ƙafa. Attarugu na shuka, irin da Ummata ta aiko min daga Kano ta cargo ɗin kawuna. Tire shida. In suka mutu sai na ƙara semesta, kuma bizata ba za ta kai ba.

Gidan ledar da ake shukar a ciki don zafi aka yi shi, fankoki ne ko'ina. Da Janairu ya shigo sai aka kawo hita guda, da 'yar na'urar auna sanyi, aka haɗa min su da wayata. Kai, na ji ni a sama. Daga kan katifa nake komai. Na saita, in awon ya sauka ƙasa da digiri sha biyar hitar ta tashi da kanta. App ɗin kullum kore shar. Har hotonsa nake tura wa 'yan ajinmu ina musu yanga.

Amma ganyen sai nannaɗewa yake, bakinsa kamar an ɗiga masa tafasasshen ruwa. Na ƙara taki, na rage ruwa, na yi feshi. Sati biyu ina wannan wahala, wallahi har ƙashina ya gaji.

Akwai wani dattijo mai kula da gonar, mutumin Zangon Kumasi, Baba muke ce masa. Ranar nan na iso rana ko gama fitowa ba ta yi ba, yana shan shayi a bakin ƙofa.

"Hajiya ƙarama, yau ma wayar ta ce lafiya lau?"

"Baba ga shi ka gani, sha bakwai."

"To madalla. Cire takalminki."

"Baba da sassafen nan?"

"Yalla, maza cire. Har safar."

Na cire, na taka yashin da tirena suke kai. Sai da na ɗage ƙafa ɗaya, kamar na taka ƙanƙara. Fuskata kuwa ɗumi take ji. Ya nuna min na'urar da baki. Ni na rataye ta da hannuna a jikin ƙarfe, daidai idona, kusa da hitar, don nan ne netwok yake kamawa.

"Ita tana sama tana shan ɗumi, su suna ƙasa. Sanyi kwanciya yake yi, 'yata."

"Haba Baba, kuma ka yi shiru?"

"Sau biyu na faɗa. Kika ce khalas, ya isa Baba, app ɗin yana yi. Ko ɗago kai ba ki yi ba."

Na mayar da takalmina. Muka sauko da na'urar tsakiyar shukar, muka ɗora tiren kan bulo, ya toshe ƙasan ƙofa da buhu. Tire huɗu sun riga sun tafi, na zubar da su bayan gona.

Da na kira malamata mai duba furojet ɗin ta ce biyu za su isa, in dai ba wanda ya ƙara mutuwa. Ko guda.

Haka na yi ta bin bas ɗin farko har ƙarshen Fabrairu, ina gyangyaɗi kaina na bugun gilashi. Na yi difens ɗin furojet da tire biyu, malamata ta sa hannu saura kwana tara bizata ta ƙare.