Taɓaryar Goggo

Ranar wata Alhamis ce da damina, shekarar da na shiga aji uku, cikin shekarun tamanin. Babana ya kira wanzami har zauren gidanmu a Ƙofar Jatau, aka danne ni a tabarma, aka yanke mini linzamin ƙarƙashin harshe, wai shi ke riƙe mini magana. Na tofar da jini, na yi ta shan kunu, da bakin ya warke in'inata na nan yadda take. Ko sunana, Tanimu, sai na buga ƙafa a ƙasa kafin ya fito.

Wadda ta gane kaina ita ce Goggo, yayar babana, da ta dawo gida zawarci. Da la'asar in za ta yi surfe sai ta zaunar da ni gefen turmi ina korar kaji, ta ce in ba ta labarin makaranta, amma kowace saukar taɓarya kalma ɗaya. "Kar ka riga taɓarya, ɗan nan, ba koro ka aka yi ba." A haka nake gaya mata wanda ya ci langa da wanda ya faɗa kwata a lungu, ba na sarƙewa. Har tsokanata take yi, wai ashe aku suke kiwo ba su sani ba.

Sai dai ba a zuwa aji da turmi. Malaminmu bai san komai ba sai bulala. Wata rana ya tsayar da ni karatu, ina in'ina yara na dariya. Na fara buga yatsa a benci ina tuna taɓaryar Goggo, kalmomin suka soma fitowa, sai ya ce kiɗa nake masa, ya zane hannun. Ban ce Allah ya isa ba, amma ban manta ba. Da Goggo ta sake aure ta tafi, gidan ya koma kai hatsi inji, ni kuma na ajiye boko a aji huɗu. Aka miƙa ni wajen masu ɗinkin babbar riga, inda allura ba ta tambayar kowa.

Yanzu autana Habibu ya gado ni. Ina kai shi asibiti wajen wata mai koya wa yara magana. Tana buga yatsa a tebur a hankali, yana bi, ba mai dariya. Ranar da ya faɗi sunansa a miƙe bai sarƙe ba, fita na yi waje, kar yaro ya ga hawayen ubansa. Ni ma iyakar abin da na nema ke nan, a bar mini yatsana.