Ƙofar da Muka Buɗe wa Malam Bawa

Cikin ranakun aikina, wadda ta ƙi barin raina ita ce wata Juma'a ta damina, lokacin ina jami'in kula da na'urori a wata cibiyar koyar da kwamfuta a Gummi. Ranar ce Malam Bawa, wani dattijo maɗinki daga Bukkuyum, ya dawo mini karo na biyu.

Ƙanensa Sahabi yana aikin gini a Aljeriya. Kafin ya bar gida ya ɗauki bidiyon mahaifiyarsu da yawa a ƙauyensu. Ta rasu yana can, ƙauyen kuma ya watse saboda rashin tsaro. Bidiyon sun yi nauyin da ba za su aiku ta waya ba, sai wani abokin aikinsa ya ɗora masa su a manhajar toren, wadda da ita kwamfuta ke jan fayil daga wata kwamfuta kai tsaye. Idan mai fayil ya kashe tasa, magana ta ƙare.

Zuwan farko mun wuni ba abin da ya sauko. Manhajar tana ganin kwamfutar Sahabi, amma sun kasa haɗuwa. Dole ɗaya daga cikin biyun ya kasance da buɗaɗɗiyar ƙofa, wato wata lamba da ake gaya wa rauta, na'urar da ke raba intanet, cewa duk saƙon da ya zo ta nan ta miƙa wa kwamfuta kaza. Na buɗe lambar, na ba kwamfutar adireshin da ba ya canzawa, na sassauta katangar tsaro. Gwaji ya ce a rufe take. Daga baya na gano dalili: rautarmu layin waya take amfani da shi, kamfanin kuma ya haɗa jama'a da yawa a adireshi ɗaya, don haka saƙo daga waje ba ya isowa ƙofarmu. Sahabi ma haka yake.

Hanya ɗaya ta rage, intanet ɗin tauraron ɗan'adam na ofis, mai adireshin kansa, wanda aka keɓe don jarrabawa. Na je wurin shugabar cibiya, Hajiya Luba, na ce, "Ranki ya daɗe, ƙofa ɗaya nake roƙo, zuwa la'asar." Ta tambayi abin da ke cikin fayilolin, na faɗa mata. Ta ce in buɗe, amma in rufe da hannuna kafin in tashi.

Bayan an sauko daga masallaci Sahabi ya kunna kwamfutarsa. Alamar da ta saba zama ja ta koma kore, fayiloli suka fara motsi. Sai ya aiko da saƙo cewa gobe za a kwashe su zuwa wani aiki cikin sahara inda babu sabis. A daidai lokacin hadari ya taso daga gabas, kuma na san ruwa yana sauka farantin tauraron zai daina kamawa.

Na gaya wa Malam Bawa gaskiya, ba za mu samu duka ba, ya zaɓi wanda za a fara ja. Na karanta masa sunayen: bikin suna, sallah, girbin gero. Da na zo kan wani ƙarami mai suna "Inna tana faɗa", ya ɗaga hannu.

"Wanga nika so, ɗana. Muryarta ta kullum ke nan."

Shi da na girbi suka kammala kafin ruwa ya kece. Na kunna masa. Wata tsohuwa ce a bakin murhu, tana yi wa Sahabi faɗa ya ajiye wayar nan ya kore mata awaki daga shanya. Malam Bawa ya sa na maimaita, yana motsa baki tare da ita. Ya nuna mini wata tsamiya a bayanta, ya ce a gindinta ya koyi ɗinki.

Na zuba masa a waya, na rufe ƙofar kamar yadda na yi alkawari. Sauran fayilolin na bar su a manhajar har na bar aikin, ko Sahabi zai sake bayyana. Bai bayyana ba a zamanina.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, idan mutum ya ce abu ya ƙi sauka, ku tambaye shi mene ne abin kafin ku taɓa rauta, don ku san wanda za ku fara ceto. Ni tawa Innar ta rasu ba wanda ya ɗauki muryarta. Da yammar nan na tsaya bayan kujerar Malam Bawa, na saurari faɗan tasa Innar har ƙarshe.