Ranar da Muka Shayar da Albasar Babana

A shekararmu ta biyu a makaranta, can Aliero, malamin da ke koya mana aikin kyamara ya raba mu rukuni-rukuni, ya ce kowane rukuni ya kawo bidiyon waƙa na minti huɗu kafin jarrabawa. Mu biyar ne a namu. Ni aka ba ɗauka da tacewa, don ni kaɗai ke da haƙurin zama gaban kwamfuta. Waƙar kuwa ta wani ɗan ajinmu ce, dogo mai zaƙin murya, wanda ya tashi a birni amma ba shi da zance sai na kakansa manomi a Maiyama, kakan da ko ƙofar gidansa bai sani ba. Waƙar noma ya tsara, amshinta na cewa shi ɗan manomi ne jikan manomi, ƙasa ba ta ɓoye masa sirri. Ba zan yi masa ƙarya ba, waƙar ta yi daɗi.

Da aka zo neman gonar da za a yi ɗauka, duk suka juyo suna kallona. Ni ne ubana ke noman albasa a fadamar Dangamaji. Na je gida na roƙi Baba. Mutum ne da bai iya yawan magana ba, kuma bai taɓa barin baƙo ya shiga gonarsa ba shi ba ya nan. Ya ce, "Ku tahi ku yi. Amma na yanke mata ruwa, kwana goma ya rage a cire ta. Kak ku taɓa min inji. Kai nib ba amana, ba su ba."

Duk ɗan da aka haifa a wajenmu ya san ma'anar wannan. Idan albasa ta ƙosa, wuyanta ya yi laushi, ganye ya kwanta, sai a daina ba ta ruwa har ta bushe a cikin ƙasa, ta yi ɓawo mai ƙarfi. Ita ce za ta jure watanni a rudu, wato rumfar kara da ake ajiye ta. In ta sha ruwa a waɗannan kwanakin, a ido lafiya lau za a cire ta, amma ta ciki na ciki. Sai ta shiga rudu za ta fara ruɓewa, ɗaya ta shafa wa goma.

Ranar kasuwar Jega muka zaɓa, don Baba ba ya gona. Muka isa da hantsi a kan baburan kabu-kabu, mawaƙinmu sanye da sabuwar malfa da ko zufa ba ta taɓa sha ba. Ya dubi fangalai, wato gadajen da aka dasa albasar, ya yatsina fuska, ya ce gonar ta mutu, ba za ta yi kyau a hoto ba. Idonsa ya faɗa kan injin ban-ruwa. Wai yana son ya riƙe tiyo, ruwa na feshi, rana na haska shi daga baya. Na ce masa an yanke wa albasar ruwa. Ya ce minti ɗaya ne kawai. Sauran suka sa baki, aka ce ina da ƙauyanci, aka ce asarar maki nake so in jawo mana. Na bari ya ja igiyar injin.

Hoton ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. Sau uku muka maimaita. Daga nan muka gangara bakin gulbi don baiti na biyu, shi ya rage a baya yana gyara malfa, ya ce zai kashe injin. Bai kashe ba. Ya jefar da tiyon a cikin fangali ya biyo mu, wai za mu dawo mu ƙara ɗauka. Lasifika na ta amo a kunnenmu, ban ji ƙarar inji ba. Sai da azahar ta yi muka hauro, muka tarar rabin gonar ta zama tafki, mai ya ƙare, injin ya mutu don kansa.

Abin da na faɗa wa Baba shi ne na juya baya, yaron ya kunna inji ban sani ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya cire albasarsa, ya shanya, ya zuba a rudu, kuma daga ranar ya daina aike na gona. Ko mabuɗin ɗakin da ake ajiye inji ya ɗauke daga ƙusar da yake rataye shi.

Abu ɗaya na nema a wurin mawaƙin nan: ya bi ni Dangamaji ya durƙusa ya ba Baba haƙuri. Na yi zaton hakan zai wanke ni. A bakin aji na tare shi, mutane na tsaye. Ya yi dariya ya ce, "Ruwa fa na ba ta kyauta. Kamata ya yi tsohon ya gode mini." Sannan ya toshe hanci ya ce in matsa, ina warin albasa. Aka yi dariya. Ni ma na yi murmushi, amma a raina na ce kowa ya ci tuwo da ni, miya ya sha.

Sati uku da cirewa, wari ya fara tashi daga rudu. Na je gida ranar da ake tsince ta. Baba na tsugune, yana latsa kowace da babban yatsa, mai kyau dama, ruɓaɓɓa hagu, tsibin hagu sai tashi yake yi. Na laɓe bayan zana na ɗauki komai da kyamarar makaranta: baƙin ruwan da ke tsiyaya, ƙudaje, hannuwan Baba. Fuskarsa ce kawai ban ɗauka ba.

A shagon wani mai cajin waya da ke Jega nake tacewa, don shi ke da wutar sola. Bidiyo biyu na haɗa. Na farko tsaf, mawaƙi kamar tauraro, shi na nuna wa rukuninmu, har mawaƙin ya dafa kafaɗata ya ce ashe ƙauye ma akwai basira. Na biyu shi na zuba wa zuciyata. Duk inda ya ce ƙasa ba ta ɓoye masa sirri, sai na matso da hoton kan ganyen da ya kwanta, ruwa na malala a kansa, na rage gudun hoton don kada mai kallo ya kasa ganewa. Na dawo kan fuskarsa yana washe baki da tiyo a hannu. Amshi na ƙarshe kuwa na ɗora shi gaba ɗaya a kan ruɓaɓɓen tsibin nan. Ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Kwana huɗu ina wannan aiki, kuma ban taɓa jin daɗin aiki irinsa ba.

Ranar nunawa zaure ya cika, ni kuwa na biyun na saka. Abin da mawaƙinmu bai taɓa lissafawa ba shi ne, fiye da rabin masu zaman nan albasa ce ta biya musu makaranta. Ruwa na sauka kan ganyen, wani daga baya ya ce, "Kai! Albasa ƙosassa aka ba ruwa?" Zaure ya ɗauka. Yana rera jikan manomi, ana buga tebur. Wata ɗaliba ta miƙe ta ce a tambaye shi kakan nan nashi mi shika nomawa. Malam kansa, wanda ke da 'yar gonarsa, ya cire tabarau yana share ido. Da tsibin ya fito, dariya ta ɗauke, aka koma salati, kuma wannan ya fi dariyar yi wa mawaƙin ciwo. Na juya na dube shi sosai, ina son ya san da gangan na yi. Ya sunkuyar da kai, ya fita tun kafin a kunna fitila. Har muka gama makaranta, in ya wuce sai wani ya yi ƙarar inji da baki. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Ban ji tausayinsa ba a ranar, yau ma da nake rubutu ban ji ba.

Ranar Juma'a na tafi Dangamaji da bidiyon a waya, ina ɗoki. Na sami Baba a zaure bayan la'asar, na ba shi labarin yadda aka yi wa yaron ihu, na ce na rama masa. Na miƙa masa wayar. Ya riƙe ta da hannu biyu, nesa da ido, ya kalla har ƙarshe. Ya ce in maido masa wurin ruwan. Na maido. Ya sake kallo, hoton nan mai kyau, tsayayye, ko girgiza babu.

"Wanga yaro bai san albasa ba," in ji shi. "Ba ni da magana da shi." Ya ɗora yatsa a kan gilashin wayar. "Amma wanda yat tsaya ya riƙe hoton ga, ruwa na zuba, hannunai bai ko motsa ba, ɗan gidan wa na?"

Ya ajiye mini wayar a kan tabarma, ya ɗauki butarsa ya fita.