Yatsu Uku na Maigida

Maigidana, Allah ya jiƙansa, salansar mota, wato bututun hayaƙi, yake ɗaurawa a Kagarawal. Ba shi da ma'auni sai hannunsa. Yakan cusa yatsu uku tsakanin bututun da ƙasan motar, in sun shige ya ɗaure noti. Na sha gani in na kai masa abinci.

Bayan rasuwarsa salansar motarsa ta huje. Babban ɗanmu ya sayo wata a kasuwa, wani bakanike ya ɗaura. Ranar da ya kai ni Kwadon, duk ramin da muka faɗa sai salansar ta bugi ƙasan motar. Ya ce, "Inna, sayar da motar nan zan yi." Ita kaɗai kuwa ta rage mini daga mahaifinsa.

Na sa ya kai ni wurin bakaniken, wanda a hannun marigayin ya koyi aiki. Bakaniken ya ce, "Hajiya, wallahi yatsu uku na bari, yadda Baba ya koya mini."

Na dubi yatsunsa, sirara. Hawaye ya zubo mini. Na ce, "Ɗana, sa huɗu. Nasa masu kauri ne."

Ya kwance, ya sa huɗu. Har yau motar tana ƙofar gida.