Mai Raɗa a Bayan Labule

Shekara arba'in da biyu Bay Thiet ya yi a gidajen wasan birnin Saigon, amma da za a tara duk waɗanda suka taɓa sayen tikiti a ce su nuna shi, da wuya a samu mutum biyar. Aikinsa raɗa ne. Yakan tsaya bayan labule ta hannun hagu da littafin wasa a hannu, idan kalma ta kuɓuce wa ɗan wasa ya miƙa masa ita a hankali, yadda ko na kujerar gaba ba zai ji ba. In an tafa, wani aka tafa wa. In an yi tuntuɓe kuwa, shi mai ƙungiya ke nema da zagi.

A 1957 ya baro ƙauyensu na bakin kogi, yana ɗan shekara goma sha tara, da burin zama jarumin cai luong, wasanmu na rabi magana rabi waƙa. Murya kam yana da ita. Sai dai ranar da aka fara fito da shi a sojan da ya kawo saƙo, yana ganin idanun jama'a ya sandare riƙe da mashi har sai da sarkin wasan ya ƙwace takardar ya karanta wa kansa. Da korarsa za a yi, ba don an gano ya iya karatu ba, abin da rabin 'yan ƙungiyar ba su iya ba. Aka danƙa masa littafi aka tura shi bayan labule.

Cikin marasa karatun har da Nam Lua, wadda ta girme shi da shekara uku, kuma a lokacin take fara tashe. Kullum da hantsi tana shan romon taliya yana biya mata baitoci, tana maimaitawa da baki cike. Ita ta laƙaba masa Ɓera, wai don ana jin motsinsa ba a ganinsa. Mace ce mai kaifin harshe, kuma duk tsawon zamansu ba ta taɓa ce masa sannu ba. Masu tsegumi sun ce sonta yake. Matarsa, mai ɗinka kayan wasa, dariya kawai take yi, don ta fi su sanin abin: sunan Lua shi ne kaɗai aikin hannunsa da duniya ke iya gani.

Abin da ya fito da Lua shi ne saukowa. A babbar waƙar kowane wasa akwai gurbin da makaɗa ke ɗauke hannu, mawaƙiya ta ja dogon baiti da numfashi ɗaya, ta tsaya, sannan ta sauke kalmar ƙarshe can ƙasan murya, kiɗa ya tarye ta, gida ya ɗauki tafi. Sauran mawaƙa numfashi ɗaya suke tsayawa. Lua uku take yi, har sai mai tallar gyaɗa ya daina motsi. Gwanintar Thiet kuwa ita ce ya bambance shirun gwaninta da shirun mantuwa, don daga bayan labule kamarsu ɗaya. Saboda haka suka yi wata alama tsakaninsu: in kalma ta ɓace mata sai ta ɗan karkato kafaɗar hagu wajensa. In kafaɗa ba ta motsa ba, ya tsuke bakinsa ko da sama za ta faɗo.

Haka suka ratsa zamani. Sun ga lokacin da gidajen wasa suka fi ashirin a birnin, masu tuƙa keken haya na kwana da yunwa don su ga Lua tana kuka. Sun ga shekarun yaƙi, da aka hana yawon dare aka mai da wasa la'asar. Bayan 1975, da mulki ya sauya, aka sauya littattafan wasa, sarakuna suka koma manoma, Thiet ya ci gaba da raɗa abin da aka rubuta. Yaƙi bai kashe wasan ba, sauyin mulki bai kashe shi ba. Kaset ɗin bidiyo ne ya gama da shi, a hankali, ba tare da ko ƙarar bindiga ba. Wannan gida ya koma wurin ajiye babura, wancan shagon kayan sanyi. Matar Thiet ta rasu a cikin waɗannan shekarun, akwatunan kayan da ta ɗinka suka zama abincin asu.

A daminar 1999 aka sayar da gidan wasansu na ƙarshe, na kusa da kasuwar kifi, za a mai da shi zauren biki. Aka sa wasan ban kwana ranar Lahadi da ƙarfe uku, aka nemi Lua ta fito a uwar da ke jiran ɗanta a mashigin kogi, rawar da ta taka fiye da sau dubu.

A wurin gwaji Thiet ya sha jinin jikinsa. Lua ta tsallake baiti biyu ba ta sani ba. Ta kira ɗan nata da sunan wani jarumi na wani wasan daban. Da ya yi mata raɗa ba ta waiwayo ba, ashe kunnen hagun ya yi nauyi. Sauran suka sunkuyar da kai suna gyara abin da bai ɓaci ba. Shi kuwa tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, kada matar nan ta sauka daga dandali jama'a na cewa ta tsufa ta manta. Da aka tashi ya kawo mata kofi mai ƙanƙara ya ce ko za a rage tsawon waƙar.

"A rage wa wa?" ta ce. "Ɓera, tun kana sandarewa da mashi a hannu nake wannan waƙar."

"Yaya, kunnen nan ne nake ji miki."

"Kunnena ba matsalarka ba ce. Ka dubi kafaɗata kawai, aikinka ke nan. In ba ta motsa ba ka bar ni."

Ranar Lahadi aka yi ruwa, amma gida ya kusa cika, yawanci tsofaffi masu lema da 'ya'yan da suka rako su. Lua ta kunna turaren tsinke gaban gunkin kakan 'yan wasa, kamar yadda suka saba, ta fita dandali. Sau huɗu kafaɗar ta karkato kafin a kai rabi, sau huɗu Thiet ya cika mata, yana matsowa har labule na taɓa hancinsa. Ba wanda ya lura. Rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi.

Aka zo babbar waƙar. Makaɗa suka ɗauke hannu. Lua ta ja baitin tiryan-tiryan, cewa kowane kwalekwale ya dawo mashigi, kowace uwa ta shige da nata, ita kaɗai aka bari tana... sai ta tsaya.

Thiet ya ƙirga ɗaya, biyu, uku. Kalma ba ta sauko ba. Huɗu. Biyar. Ya ƙura wa kafaɗar ido, ko gezau. Sai wani tunani ya faɗo masa: wadda ta manta sunan ɗanta, me zai hana ta manta alamar? A na shida ya yi raɗa, ba ta ji ba. A na bakwai ya buɗe muryar nan da ya ajiye tun yana saurayi.

"Jira."

Gidan ya yi tsit ƙwarai, don haka kalmar ta kai har kujerar ƙarshe. Wani ya yi 'yar dariya ya haɗiye. Wata tsohuwa a gaba ta ce wa maƙwabciyarta, kowa na ji, baiwar Allah ta manta. Lua ta sauke kalmar, makaɗa suka tarye ta, aka tafa. An daɗe ana tafin, amma duk wanda ya girma a gidan wasa ya san irin wanda ake yi wa mara lafiya da ya iya tashi zaune ne.

Ta kammala wasan ba kuskure ko ɗaya. Thiet ya same ta a ɗakin shiri tana goge hoda, ya tsaya bakin ƙofa yana jiran zagi. Da ta zage shi da ya ji sauƙi. A madubi ta dube shi, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Kallonsu nake yi, Thiet. Na san daga yau ba zan ƙara ganinsu ba, na ce bari in ɗan riƙe su." Ta ninke tsumman hannunta. "Shekara arba'in ina mantawa kana rufa mini asiri. Yau ɗin nan kalmar tana bakina."

Ta sa takalmanta, jikarta ta kama mata hannu suka fita ta ƙofar baya. Ba ta sake waƙa ba, ko a gidan biki. Bayan shekara biyu ta rasu, shi ma yana cikin masu ɗaukar akwatin gawarta.

Yanzu yana zaune wurin 'yar ƙanwarsa a wani lungu bayan kasuwar, idanunsa sun yi raunin da ba ya iya karatu. Da safe yakan je shagon kofi inda tsofaffin masu kallo ke taruwa. Duk ranar da hira ta kai kan Nam Lua, sai wani ya girgiza kai ya ce ai yana nan ranar, da idonsa ya ga yadda kalma ta gudu mata a wasanta na ƙarshe. Thiet yakan ajiye kofinsa ya ce ba haka aka yi ba, ba ta manta ba, shi ne ya kasa haƙuri. Yakan yi bayanin kafaɗar, ya ƙirga musu numfashin da yatsu.

Sukan saurare shi har ya gama, don suna ganin girmansa. Sai ɗayansu ya dafa shi ya ce, "Allah sarki Kawu Thiet. Tana ƙasa ma bai daina rufa mata asiri ba."