Ranar da Baba Mai Ƙafa Ya Ari Ido

Kafin masu shagunan layin su gama hamma, Baba Mai Ƙafa ya riga ya buɗe garejinsa. Yakan share ƙasa tas, ya jera sifanoni a kan benci, sannan ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya sha shayinsa shi kaɗai. Kada sunan ya ruɗe ku, ƙafafunsa biyu ne kamar na kowa, ɗayar ma tana ɗan ja. Ƙafar mota ake nufi, wato tayoyin gaba da duk ƙarafan da ke riƙe da su har zuwa sitiyari. A nan ƙuruciyarsa ta ƙare, kwance a ƙarƙashin a-kori-kura, yana kallon abin da masu motar ba su taɓa sunkuyawa sun gani ba.

Shi ba cire tsoho a sa sabo yake yi ba. Motocin da ake kawo masa masu shiga daji ne, masu hawan dutse da ratsa kwari, inda hanya sai dai a kira ta hanya don kara. Ƙafar da kamfani ya yi wa mota don kwalta ya yi ta. Baba sai ya kwance ta ɗungurungum, ya auna, ya yanka ƙarfe, ya lanƙwasa, ya ɗaga gaban motar don kada cikinta ya riƙa dukan duwatsu. To, in an ɗaga mota, sandar da ke haɗa sitiyari da tayoyi ba ta ƙara zama daidai, duk ramin da taya ta faɗa sai sitiyari ya fizge daga hannun direba. Don haka yakan ƙera sabuwar sanda da kansa, da kunnen ƙarfen da zai riƙe ta, ya yi musu walda. Yakan ce wa direbobi, "Inji in ya mutu, tsayawa kawai za ka yi. Sitiyari in ya mutu, ba kai ke zaɓen inda za ka tsaya ba."

Abin tausayin shi ne, wannan ƙwarewar ce ta mayar da garejinsa shiru. Aikin da ya yi kyau ba ya dawowa. Direba zai karɓi motarsa ya tafi, shekaru su shuɗe ba a sake ganin ƙeyarsa ba. A jikin bangonsa kuwa akwai wani mai walda, sa'an 'yarsa, da ake kira Gaggawa, wanda garejinsa kullum cike yake da direbobi ana hira ana shewa. Baba ya daɗe yana tsokanarsa ta saman katanga.

"Kai Gaggawa, wannan waldar taka ai kamar kaji ne suka kwana a kan ƙarfe."

"To Baba, ni dai ana dawowa a gaishe ni."

Aka yi dariya, har da Baba. Amma maganar ta zauna masa a rai, don gaskiya ce. Mai ɗakinsa ta rasu da daɗewa, 'yarsa ɗaya tilo tana aure a nesa, sai dai waya. In ya koma gida, rediyo yake kunnawa don kawai ya ji muryar mutum a ɗakin. Gareji shi ne wuri ɗaya da ya rage masa inda wani zai iya yin sallama ya ce shi yake nema.

Ana nan, hasken walda ya fara karɓar hakkinsa. Da farko lambobin ma'auni ne suka fara gudun idonsa, sai ya ce ƙwan fitilar ne ya tsufa, ya canza shi. Daga baya fuskokin mutane suka zama hazo-hazo, ya koma gane su da murya. Bai gaya wa kowa ba, ko 'yarsa. Ya san layin nan, magana ba ta kwana a cikinsa. Ranar da aka ji Baba Mai Ƙafa ba ya gani, ranar ce ƙarshen kawo masa mota.

Sai ga direban wani ƙaramin asibiti ya zo da a-kori-kura fara. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, wannan ita ke sauko da marasa lafiya da masu naƙuda daga ƙauyukan kan dutse. Akwai wata kwana a hanyar, in ka kuskure sai dai a tsinto ka a ƙasa. Sitiyarinta fizge-fizge yake mini. Kowa na tambaya sai ya ce in ba kai ba, kada in ba kowa."

Baba ya ji daɗi har cikin ransa, ya karɓa. Hannu ya san hanyarsa, ya auna da yatsu, ya yanka, ya lanƙwasa, komai ya zauna daram. Saura kunnen da zai riƙe sandar sitiyari, wanda duk nauyin juya motar a kansa yake. Ya yi waldar, ya ɗaga gilashin fuskarsa ya duba, bai ga komai ba sai wani baƙi-baƙi. Ya jira ta huce, ya shafa da yatsa, ya ji sumul. Amma shi ya fi kowa sanin cewa yatsa ba ya gane waldar da ta hau kan ƙarfe ba ta shige shi ba.

Mai shayin da ke tsallaken titi shi ya ba da labarin abin da ya biyo baya. Ya ce Baba ya zauna da ƙarfen nan a cinyarsa tun hantsi har rana ta take tsaka, ga gwangwanin baƙin fenti a gefensa a buɗe. Da ya shafa masa fenti ya ɗaura, babu mahalukin da zai tuhume shi, don sunansa kaɗai ya ishi direba shaida. Tsoro ya kama shi ta gefe biyu, tsoron abin da zai faru a kan dutse in ya yi shiru, da tsoron abin da zai faru da shi in ya yi magana. Can sai ya rufe gwangwanin, ya miƙe, ya nufi garejin Gaggawa da rana tsaka, direbobi cike a kan benci.

"Sannu da aiki, ɗana."

Direbobi suka juyo suna kallonsa, don ba a taɓa ganin ƙafarsa a nan ba.

"Baba, lafiya? Da ka kira ni ai da na zo."

"Ido na zo ka ara mini."

Gaggawa ya fara murmushi, yana jiran ƙarashen tsokanar.

"Ba wasa nake ba," in ji Baba. "Ba na gani. Na daɗe ba na gani. Duba mini wannan waldar ka gaya mini gaskiya, kada ka ji kunyata."

Gaggawa ya karɓa da hannu biyu, ya fita cikin rana, ya juya ƙarfen, ya sake juyawa. Da ya dawo, muryarsa ta yi ƙasa.

"Baba, ko'ina ta kama. Sai dai nan gefen, ba ta shiga ba."

"Kamar ina zuwa ina?"

"Bai fi gaɓar yatsa ba."

"Ta isa ta kifar da mota. Ɗauko gilashinka."

Gaggawa ne ya sake waldar, Baba na tsaye a kansa yana bi da kunne. "Rage gudu. Ka ji ƙarar ta canza? To riƙe ta a nan. Yau dai ka ajiye sunanka a gefe." Washegari motar asibiti ta tafi, sitiyarinta a miƙe.

Zan so in ce muku daga nan mutane suka yi ta tururuwa zuwa wurinsa, amma ba haka aka yi ba. Abin da ya ji tsoro shi ya faru. Ana gaishe shi da girmamawa fiye da da, a wuce da mota gaba. Tun ranar ba a ƙara kawo masa aiki ba. Labari ya kai wa 'yarsa, ta zo tana kuka, rabi tausayi rabi fushi, ta ce ƙarshen watan nan za ta tafi da shi.

"Baba, da ka yi shiru wa zai sani?"

"Mai naƙudar da ke bayan motar za ta sani," ya ce. "Sai dai ba za ta samu bakin faɗa ba."

Baba Mai Ƙafa, kai ne ka yi shekaru kana riƙe da rayukan mutanen da ba su san fuskarka ba. Kai ne ka ɗauki sunanka, abu ɗaya da ya rage maka, ka kai shi gaban wanda ka fi raina waldarsa, ka ajiye don kada a yi kuka a gidan da ba ka taɓa shiga ba. Gwani na gwanaye, mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya sanyaya maka idanu, Ya sa ɗakin da za ka koma ya zama mai cike da muryoyin jikoki.

Mu kuma da muka rage a bakin aiki, kowa da irin waldarsa, likita ne ko direba ko magini. Wata rana ido zai gaza, ko hannu ya fara rawa, kuma mu za mu riga kowa sani. In ranar ta zo, Allah Ya ba mu zuciyar da za mu tashi da ƙafarmu, mu shiga wurin maƙwabci a gaban jama'a, mu ce masa, "Duba mini."