Hotunan Ɗan Madugu da Amalensa

Mijina tsohon soja ne. Ya yi wa Faransa yaƙi a wata ƙasa mai ruwa da shinkafa wadda ba ya son a ambata, ya dawo Damagaram da tabon harsashi a cinya da wani akwatin hoto da yake kira aparai. Mutanen unguwarmu ta Zango Sarjan suke ce masa. Shagonsa a zauren gidanmu yake, kusa da filin da ayari ke sauke kaya, a nan yake ɗaukar ma'aikatan gwamnati da angwaye a gaban labule. Wannan shi ke ciyar da mu.

Abin da ke ransa kuwa hotunan da ba wanda ya sa shi ne. Sai ya zaɓi abu guda ya yi ta binsa. Ya bi majema tun daga ɗanyar fata har ta zama jar jaka. Ya je Gidimuni ya bi masu lambu a bakin tafki tun daga shuka har kasuwa. In ya gama sai ya jera hotunan a bangon zaure daga dama zuwa hagu, yadda ake karatun allo, mutum ya bi da ido ya san abin da ya faru ba sai an gaya masa ba.

Ni a lokacin ba na fita. Aikina wankin hoto ne, a wani ɗan ɗaki da muka toshe tagarsa da tsummoki, muka rufe fitila da jan ƙyalle. Shi ya tsoma takarda a magani, ni in ɗauraye in shanya. Yawancin abin da na sani game da garinmu a shekarun nan, a cikin tasar wankin hoto na gan shi.

Da ɗarin shekarar da aka yi ƙuri'ar i ko a'a kan zama da Faransa, ayarin gishiri ya sauka. A cikinsa akwai ɗan wani madugu na unguwarmu, saurayi dogo mai yawan dariya, da amalensa, wani ƙaton raƙumi baƙi-baƙi da kowa ke zuwa kallo. Sarjan ya ce su zai bi, mutumin da dabbarsa, har ayari ya tashi.

Wata rana da hantsi ina tankaɗe sai na ji ihu daga wajen fili, irin ihun da ba na biki ba. Can sai ga Sarjan ya shigo, gaban rigarsa jini har gwiwa, aparai na lilo a ƙirjinsa.

Na ce, "Malam, an sare ka ne?"

Ya ce, "Ba nawa ba ne. Zuba ruwa a tasa."

Ya wanke fim ɗin ya rataye, ya zauna yana kallonsa har ya bushe, ko rigar bai tuɓe ba. Da la'asar muka shiga ɗakin, labarin ya riƙa fitowa a hannuna takarda bayan takarda.

Na farko, ɗan madugu yana jan akala yana son amalen ya gurfana a ɗora masa kaya. Amalen ya ɗaga kai sama, kumfa na zuba daga bakinsa, don lokacin barbararsa ne. Na gaba, saurayin ya ɗaga sanda. A na bayansa sandar ta sauka a kan idon dabbar, har ana ganin yadda fatar ta lotsa. Sai wanda ya sa na kusa sakin takardar: amalen ya kama shi a kafaɗa ya ɗaga shi sama, ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa, takalminsa ɗaya na tafiya shi kaɗai a iska. Sannan ga shi a ƙasa, rawaninsa ya warware, amalen ya durƙusa a kansa da ƙirji. Ba a ganin komai nasa sai hannu ɗaya da ƙafafu. Mutane sun zagaye, wani da gatari, wani da takobi, wani mahauci ya soka wuƙa a gindin wuyan dabbar har ƙota. A na ƙarshe amalen ya faɗi gefe, jini ya malale ya shiga cikin kantun gishirin da ya farfashe, an ja saurayin waje, bakinsa a buɗe, ƙirjinsa ya shafe kamar tabarma.

Na ce, "Kana tsaye kana ɗauka?"

Ya ce, "Da na ga ya danne shi na san an gama. Na ga irinsa a yaƙi. Da fim ya ƙare na je na ɗauke shi tare da mutane."

"To yanzu me za ka yi da su?"

"Bango."

Na ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Ɗan mutane ne, yau aka kai shi. Uwarsa tana nan da rai."

Ya ce mini a gari an riga an fara cewa sammu aka yi wa raƙumin, ana nuna wani abokin cinikin madugu da yatsa, alhali ga yadda abin ya faru ƙuru-ƙuru. Ya ce kuma, ban da wannan, tun da yake ɗaukar hoto bai taɓa yin aikin da ya kai wannan ba. Da ya faɗi haka na san maganar sammu ba ita ce ta fi ƙarfi a zuciyarsa ba.

Bayan sadakar uku ya jera su. Ya fara da waɗanda ya ɗauka tun saukar ayari, saurayin yana ba amalen dusa a tafin hannu, yana cire masa ƙaya, har zuwa na ƙarshe. Zaure ya cika. Ina jin su daga cikin gida, wani na salati, wani na cewa a matsa masa ya gani. Har daga unguwar Birni aka riƙa zuwa. Maganar sammu kuwa ta mutu, don kowa ya ga sandar a ido.

Yayyen mamacin sun zo ne bayan azahar, lokacin da zaure ya yi sauƙi. Su biyu ne da wani ɗan'uwansu. Ina bayan ƙyaure ina leƙe. Babban, wani kakkaura mai gemu, bai ko yi sallama ba. Ya tsaya ya bi hotunan da ido har ƙarshe, sannan ya juyo.

"Sarjan, wa ya ba ka ƙanena?"

"Ba wanda ya ba ni. Abin da ya faru ne, a gaban kowa."

"A gaban kowa ya mutu sau ɗaya. Kai kullum sai ka sake kashe shi. Sauke su."

Da Sarjan ya ce to, da maganar ta ƙare a nan. Amma ya ce, "Bangona ne."

Marin farko na ji shi har cikin haƙorana. Sarjan ya rama, ya sa wa babban yayan kai a hanci, jini ya ɓalle. Sai sauran biyun suka rufe shi. Ɗaya ya shure shi a cinyar nan mai tabo, ya durƙushe. Suka yi ta tattaka shi, ciki da haƙarƙari da fuska. Labulen ɗaukar hoto ya faɗo musu, suka yaga shi. Ɗan'uwan nasu ya ciro aparai daga ƙusa ya maka shi da bango, ya sake ɗauka ya sake makawa, gilashi ya watse ko'ina. Sannan babban ya ce a danne masa hannun dama. Suka shimfiɗa hannun a kan dokin ƙofa. Ya ɗauki dutsen da muke tare ƙyaure da shi.

Ya ce, "Wannan yatsan ne ke latsawa ko?"

Ya sauke dutsen. Sarjan, wanda ya ce mini ko da aka ciro masa harsashi bai yi kuka ba, ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakin mutum ba. Babban ya sake ɗaga dutsen.

Ban san lokacin da na ɗauki taɓarya ba. Na fito ba mayafi, na ɗaga ta da hannu biyu yadda nake sussuka, na sauke masa a gefen kai. Ya tafi gefe ya kife, jini na fita ta kunnensa. Ƙanen ya juyo ya naushe ni a baki, na bugu da bango, haƙorina na gaba ya fita. Ina tofar da jini ina laluben taɓaryar sai maƙwabta suka cika zauren, suka shiga tsakani. Suna cikin riƙe mutane ƙanen ya fizge ya bi bango yana yayyage hotunan, yana cusa guntayen a aljihu kada a bar ko ɗaya a ƙasa. Yana yi yana kuka.

Jandarmomi suka kwashe mazan duka. An kai Sarjan da babban yayan gidan likita, gado kusa da gado. Da aka tambayi Sarjan ko zai kai ƙara wurin kumandan, Baturen mulki, ya ce a'a. Dattawan unguwa suka shiga maganar, liman ya tara su, aka ce jini ya zuba ta kowane ɓangare, kowa ya haƙura. Ni ba wanda ya tambaye ni komai, sai dai mata da suka riƙa shigowa duba bakina, suna satar kallon taɓaryar.

Yatsu uku suka karye, biyu ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Yana jinya a gida sai ga wata tsohuwa ta yi sallama, ƙarama, da carbi a hannu. Ta ce ita ce uwar yaron. Na shimfiɗa mata tabarma.

Ta ce, "Ɗiyata, ba faɗa na zo ba. Kowa a garin nan ya ga yadda ɗana ya mutu, ni kaɗai ce ban gani ba. Da aka kawo shi ba a bar ni na buɗe shi ba. An ce mijinki yana iya sake fito da hotunan."

Na ce, "Inna, ba abin gani ba ne."

Ta ce, "Ni na haife shi."

Sarjan yana ji daga ɗaki. Ya ce in ɗauko fim ɗin. Rannan ni na yi aikin duka, yana tsaye a bayana da hannu a ɗaure yana gaya mini lokacin da zan ciro takarda. Na kai mata su da ɗanshinsu na jera a kan tabarma. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda ba. Da ta zo kan sandar ta ce, "Haba, kai kuwa. Sau nawa ubanka ya hana ka dukan fuska?" Kamar yana gabanta. A kan wanda amalen ya danne shi ta daɗe, ta sa yatsa a kan hannun nan da ya fito. Sannan ta tattara su duka ta ƙulle a gefen zanenta. Ta ɗaga murya ta ce wa Sarjan ya ba ta fim ɗin ma. Ya ce in ba ta.

Daga baya na ji an ce ta hana 'ya'yanta taɓa su, kuma ba ta nuna wa kowa ba har ta rasu.

Sarjan bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ni ma ban taɓa cewa ya yi daidai ba. Ya sayi wani tsohon aparai a hannun wani Bature da ke shirin komawa gida, ya koyi latsawa da hagu. Ranar da aka karɓi mulkin kai ya fita ya yi ta ɗauka, rabin hotunan suka fito a karkace, ya zauna yana zagin hannunsa da Faransanci.

Babban yayan kuwa kunnen nan bai ƙara ji ba. Mun ci gaba da zama unguwa ɗaya da shi, shi da Sarjan masallaci ɗaya, ba sa gaisawa. Shekaru bayan haka, ranar da Sarjan ya rasu, yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Da ya zo yi mini gaisuwa ya tsaya daga bakin zaure ya ce Allah ya jiƙansa. Na amsa, bai ji ba, sai da ya juyo mini da ɗaya kunnen na sake faɗa.